Fostar da ta tsayar da ni a tashar jirgin karkashin kasa

Assalamu alaikum jama'a, mutanen gida, mutanen Ringim da kauyukan kewaye, ina gaisuwa, an ce min gero ya yi kyau bana a wajenmu, Allah ya sa albarka ya sa a ci lafiya. Yau da niyyata in kai ku shagon da muke sayen manja da daddawa a nan Landan, amma wallahi abin da ya same ni daren jiya har yanzu bai sake ni ba, shi ya sa na dawo wajen da wayata don ku gani da idonku.

Na taso daga aiki wajen karfe 11 na dare, ina jiran jirgin karkashin kasa, tashar ba kowa daga ni sai wani dattijo can karshe yana gyangyadi. Su nan suna lika manya-manyan fostoci a bangon da ke tsallaken layin dogo, daidai inda mai jira zai kafa ido tunda ba shi da wani wajen kallo. Dago kaina ke da wuya sai na ga yarinya tana kallona. Innalillahi, gabana ya yanke ya fadi, na ja da baya, bakina ya kama a'uziyya ban ma san na fara ba. Kuma wadanda suka san ni a gida sun san ba na cikin matsorata, ni ne mai kai wa Baba abinci gona in dawo bayan magariba ta gindin tsamiyar nan ta hanyar rafi ba ko tocila, wadda manya ma suke kewaye ta. Amma jiya sai da na ji tsikar jikina ta tashi tun daga keya har kafa.

Bari in juya muku kyamarar. Kun gani? Ku duba da kyau, babu jini ko digo, babu wuka, babu dodo mai fika. Kusan duk takardar baki ce wuluk, sai wata kofa da aka dan bude, haske siriri ya fito ta tsakani, yarinyar tana tsaye can kasa 'yar karama da farar riga, bakinta yana murmushi amma idonta ba ya murmushi. Sunan fim din an rubuta shi da ja, siriri kamar an karce bango da kusa, sai ranar fitowa, shi kenan. Wannan abin ne ya hana ni barci sai wajen asuba.

Da safe na tura wa wani abokin karatuna dan Gana hoton, shi zane yake karanta, na ce masa malam me wadannan mutanen suka sa a takardar nan? Ya ce ba abin da suka sa ba ne ya kama ka, abin da suka ki sawa ne. Ina jin haka sai na tuna Iya, kakarmu, Allah ya jikanta ya kai haske kabarinta. Duk tatsuniyar da ta yi mana a tsakar gida lokacin farin wata, ba ta taba gaya mana kamannin Dodo ba, ko sau daya. Sai dai ta rage murya ta ce "sai aka ji kasa tana girgiza", ta yi shiru ta dade, mu kuma mu matso jikinta kowa ya kera nasa dodon a kai, nawa daban na Yaya daban, kuma kowa nasa ya fi ba shi tsoro don shi ya san abin da yake tsoro. To wallahi abin da Turawan nan suke biyan makudan kudi a yi musu kenan. Wancan bakin da ya cika fostar fili ne aka bar maka ka zuba naka tsoron a ciki. Tsohuwar da ba ta taba shiga aji ba ta san wannan ilimin tun kafin a haifi masu zanen.

Kuma ba yau suka fara ba. Akwai wani tsohon fim na Amurka na 1973, The Exorcist, labarin yarinyar da aljani ya shiga jikinta, irin abin da a wajenmu za a ruga a kira malamin rukiyya. Fostarsa wani mai zane Bill Gold ne ya tsara ta, kuma bai nuna yarinyar ba sam. Abin da ya nuna mutum ne tsaye a kofar gida cikin dare da hula da jaka a hannu, kusa da fitilar titi, haske daga tagar bene ya sauko kansa. Kai da kanka za ka fara tambaya, me ke cikin dakin can da ya sa aka kira mutumin nan da tsakar dare? Wannan tambayar ce take raka ka har wajen sayen tikiti. Haka na 1975, Jaws, na katon kifin nan mai cin mutane, mace tana ninkaya a sama hankalinta kwance, kifin yana tasowa daga kasa baki bude, ya ninka ta girma ba adadi. Ita ba ta sani ba, kai ka sani, kuma ba halin ka yi mata ihu. Duk wanda ya taba hango maciji yana nufar yaro a gona daga nesa ya san irin wannan faduwar gaban.

Maganar launi kuma ba sai na ja ba, baki da ja da fari su ne jarinsu, duhu da jini da likkafani, kowa ya gane. Sai dai akwai masu wayon da suke saba wa hakan da gangan, kamar The Shining na 1980 da Saul Bass ya yi wa fosta ruwan dorawa shar, launin da ido ya saba gani a wajen murna, sai ga wata fuska a firgice tana leke daga cikin haruffan sunan. Ido ya ce lafiya lau, zuciya ta ce a'a.

Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda suke daukar abin da ba shi da laifi su bata shi. 'Yar tsana, keken jarirai, balan-balan ja a hannun wanda ba ka ganin fuskarsa, yaro da rigar ruwa. Tun jiya duk yarinyar da na gani da farar riga a titi sai na sake dubanta, haba jama'a, wannan ai zalunci ne ga yara. Abokin nan nawa ya ce akwai wani injiniya dan Japan, Masahiro Mori, tun 1970 ya yi bayanin cewa abu in ya yi kama da mutum sosai amma ya dan kauce kadan, ya fi tayar da hankali a kan abin da bai yi kama da mutum ba kwata-kwata. Na ce masa mu ai mun dade da sanin wannan. A labarin aljana da ake ba mu, ba mummuna ce ake cewa ba, kyakkyawa ce son kowa, tana tsaye bakin hanya da daddare, sai ka duba kasa ka ga kofato. Abu daya tak da ya kauce. Murmushin yarinyar can shi ne kofaton.

Ku dan jira jirgin nan ya wuce, karar ta yi yawa.

Yawwa. Kuma lokacin ma sun iya zabensa, yanzu karshen Oktoba ne, ranar 31 suke bikinsu na Halowin, bikin shigar fatalwa da dodanni, kuma ranar Lahadin karshe ta watan suke mayar da agogo baya da awa daya, kafin karfe 5 na yamma gari ya yi duhu, ga sanyi ga yayyafi, mutum dama a takure yake sai su cika gari da wadannan hotunan, jikin bas, gefen matattakalar nan mai tafiya da kanta, ko ina. Kai har kabewa ba su bari ba, kabewar da Inna za ta yi mana miyar taushe da ita a ci da tuwon shinkafa har a lashe kwano, su sai su saya fam 3 su fafake ta su yanka mata ido da hakora su kunna kyandir a ciki, bayan kwana biyu a zuba a shara. Duk sanda na wuce na gani raina sai ya sosu, rabona da miyar taushe ta gaske shekara biyu kenan.

Wani abin da ban sani ba sai yau, ashe rashin nuna jinin nan ba gwaninta ce kadai ba, har da doka. Fim din kansa za a iya sa masa lambar 15 ko 18 a hana yara shiga, amma fosta a titi take, dan shekara hudu ma zai gani. Suna da hukumar da ke sa ido kan tallace-tallace, in mutane suka kai kara tana iya hana a sake lika fosta, kuma ta taba yi, a 2011 ta hana ta fim din Final Destination 5 mai hoton kokon kan mutum da rodi ya huda, saboda za ta firgita yara. To kun ga an daure wa mai zane hannu, dole ya nemi hanyar da zai tsorata babba ba tare da ya nuna abin da za a kama shi da shi ba. Amma ni a ganina wannan ta gabana ta fi kokon kan illa, kokon kai ka gani ka kau da kai ka manta, wannan kuwa bin ka take har gida.

Sai na tuna gidan kallon garinmu, bayan kasuwa, rumfar zana da bencina da janareta mai tari. Fostarmu allo ne baki a jingine a kofa, mai gidan kallon ya rubuta da alli, yau akwai na aljanu, mai karamar zuciya kar ya shigo. Wallahi ranar ba a samun wajen zama, naira 20 muke biya, mu fito karfe 10 a rasa mai fara shiga lungu. Yanzu da na duba, shi ma dabarar kenan, bakin allo da farin rubutu da kalubale, ba hoto ko daya. Sabanin bayan faifan finafinan kudu da ake kawowa ranar kasuwa, wadanda ake cusa komai a ciki, boka da akwatin gawa da maciji da wuta da fuskoki takwas, ka gama kallon fim din tun a bango. Namu na Kano kuma fuskar jarumai ake jerawa, don fuskar ce ke sayar da fim. Mutumin Gana ya ce su a can, wajen shekarun 1980 zuwa 1990, masu yawo da talabijin da bidiyo da janareta kauye-kauye suna sa a zana musu fosta da fenti a jikin buhun fulawa, wani lokacin mai zanen bai ma kalli fim din ba, sai ya kara jini da kawuna yadda ransa ya so, kuma yanzu wadannan buhunan Turawa suna sayensu da tsada suna ratayewa a gidajen nunin zane. Da ma wani ya adana mana allon nan namu.

To ga gargadina, musamman ku kannena da kuke ta turo min sako kuna son tahowa. Kar fosta ta yaudare ka ka zaro kudi. Bara na biya fam 15 saboda wata fosta da ta tafi da ni, ban da gugguru da lemo da suka kusa cin wani fam 10, ku buga a canjin yau ku ga buhun me zai saya a kasuwar Gujungu, na shiga na tarar fim din ba komai sai kara da ihu, duk gwanintar a takarda ta kare. Mai zanen daban, mai shirya fim din daban, wani sa'in na farkon ya fi na biyun iya aiki nesa ba kusa ba. Na biyu, in kana da kananan yara a kasar nan, watan Oktoba ka rike hannunsu a tasha ka san inda idonsu yake, yaro ba zai gaya maka abin da ya gani ba sai dai ka ji yana firgita cikin dare. Ke ma Yaya, na san su Abba suna karbar wayarki, kar ki nuna musu wannan bidiyon, ko ki tsallake wajen da na juya kyamara. Na uku, in ka taso aikin dare kai kadai, ka yi addu'o'inka, ka tsaya inda mutane suke, kar ka kafa wa bangon can ido kamar yadda na yi.

Dazu na kira Inna na ba ta labari, ta ce in karanta Ayatul Kursiyyu da Falaki da Nasi in shafa, in daina kallon hotunan banza, sannan ta tambaye ni ko ina cin abinci. A bayanta ina jin kukan awaki da karar turmi, an kusa magariba a can, na san yanzu an fara shigo da dabbobi, hayakin murhu ya tashi, duhun da zai sauko kuma na gaske ne, ba na takarda ba, amma ban taba jin tsoronsa irin na nan ba don na san kowace bishiya da kowane lungu da muryar kowa.

Ga jirgina nan ya iso, bari in shiga ta kofar can ta gaba don kar in zauna ina fuskantarta. A gaida su Baba, a gaida mutanen majalisar bakin masallaci, gobe in Allah ya kai mu sai shagon manja.