Hatimin Sarki Hezekiya da Matajin Kwarkwata: Lacca kan Tone-tonen Ƙasar Kan'ana

Assalamu alaikum. Malamaina da ke zaune a gaba, ina neman izini. Ɗalibai da sauran jama'a, sannunku da haƙurin zama cikin wannan zafi.

An ce in yi magana kan abin da masu tonon kufai suke fitowa da shi game da tarihin Bani Isra'ila. Zan fara da dutse, amma yawancin abin da na riƙo muku yau bai kai girman babban ɗan yatsa ba.

A 1993, a wani tudun kufai da ake kira Tel Dan can arewacin Isra'ila, ayarin masanin tonon kufai Avraham Biran ya ci karo da ɓarin wani baƙin dutse a jikin tsohuwar katanga. A 1994 aka ƙara samun ɓari biyu. Rubutun da harshen Aramaik ne, na ƙarni na 9 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma galibin masana suna ganin Hazayel sarkin Dimashƙu ne ya sa aka sassaƙa shi. Kirari yake yi wa kansa, yana cewa ya gama da sarkin Isra'ila da kuma wani sarki na "gidan Dawuda". To, kafin wannan dutse akwai malaman jami'a a Turai da ke cewa Dawuda tatsuniya ce kawai. Sai ga maƙiyin zuriyarsa ya ambace shi. Amma ku lura da iyakar shaidar. Dutsen ya nuna akwai gidan sarauta da ake jingina wa Dawuda. Bai faɗi faɗin ƙasarsa ba, bai ce komai kan Zabura ba. Har gobe masana na jayayya ko Urushalima ta zamaninsa babban birni ce ko ƙaramin gari a kan tudu.

Yanzu ga wanda na fi so. Kun san yadda wasiƙun sarakunanmu na da suke ɗauke da hatimi. Su kuma can, in an naɗe takarda sai a ɗaure da zare, a manna ɗan curin yumɓu a kan ƙullin, a danna hatimi. Takardar ta ruɓe tuntuni. Yumɓun kuwa, musamman in gobara ta gasa shi, sai ya zauna daram. A 2009 Eilat Mazar tana tono a Ofel, kudu da harabar Masallacin Ƙudus, ma'aikatanta suna kwasar ƙasa a bokiti, su zuba a rariya, su feshe ta da ruwa, su bi tsakuwa ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Aiki ne irin na tsince shinkafa. A cikin wannan tsakuwa aka sami wani ɗan yumɓu da faɗinsa ya ɗan haura santimita ɗaya. Ba a gane karatunsa daidai ba sai daga baya, aka sanar a Disamba 2015. Ga abin da ke jiki da tsohon rubutun Ibrananci: "Na Hezekiya ɗan Ahaz, sarkin Yahuza." A tsakiya akwai rana mai fukafukai biyu, da alamar rai irin ta Masarawa.

Wannan sarki na Yahuza, wato masarautar gidan Dawuda mai hedkwata a Urushalima, ba baƙo ba ne ga masu tarihi. Shi ne Sennakerib na Assuriya ya kawo wa yaƙi a shekara ta 701 kafin haihuwar Annabi Isa. Littafin Sarakuna na biyu, cikin Littafi Mai Tsarki, ya ba da labarin, shi ma Sennakerib ya bar nasa a rubuce a jikin yumɓu. Ya ce ya ci garuruwa 46 masu ganuwa, ya kulle Hezekiya a birninsa kamar tsuntsu a keji. Bai ce ya ci birnin ba, kuma sarkin Assuriya ba ya raga wa kansa wajen cika baki. Abin da ke burge ni shi ne lissafin gandun da aka biya. Ɓangarorin biyu sun yarda zinariya talanti 30 ce, talanti kuwa ma'aunin nauyi ne na wancan zamani. Da aka zo kan azurfa sai suka raba hanya: marubucin Yahuza ya ce 300, na Assuriya ya ce 800. Kowa ya taɓa raba rigimar bashi a kasuwa ya san wannan.

Kimanin mita uku daga inda aka tsinci hatimin sarki, an sami wani, aka sanar da shi a 2018. Sama an rubuta sunan Ishaya, ƙasa kuma haruffa uku: nun, bet, yod. A Ibrananci "annabi" shi ne nabi, kamar dai a Larabci, sai dai yana ƙarewa da alif. Daidai gurbin alif ɗin nan yumɓun ya lalace. In akwai shi, hatimin Annabi Ishaya ne, mashawarcin Hezekiya. In babu, to wani Ishaya ne ɗan gidan wani Nobai. Jaridu sun yi ta buga ganga, ni kuwa ina tare da masu cewa a dakata. Harafi ɗaya ne, amma shi ne dukan maganar.

(Wani daga baya ya yi tambaya kan kayan tarihi na jabu, ba ta fito a faifan ba.)

Ƙwarai, Malam, za mu zo kan na jabu. Bari in fara ba ku dariya tukuna.

A Lakish, garin nan da Sennakerib ya rusa har ya sa aka zana yaƙin a bangon fadarsa a Nineba, an tono wani ɗan mataji na hauren giwa, santimita uku da rabi a tsawo. Haƙoransa sun kakkarye. Ya yi shekaru a ajiye, an wanke shi, an duba shi da madubin ƙara girma ana neman kwarkwata, an kuwa sami ɓurɓushinta a haƙori ɗaya. Sai a ƙarshen 2021 wata mai bincike ta ƙara girman hoton da ta ɗauka, ta hango zane siriri. Haruffa 17 ne, kalmomi bakwai, da harshen Kan'aniyawa, an ƙiyasta wajen 1700 kafin haihuwar Annabi Isa. Ma'anarsu: wannan haure ya tumɓuke kwarkwatar gashi da gemu. Masu binciken sun ce ita ce cikakkiyar jimla mafi tsufa da aka samu cikin wannan abajada, wadda daga zuriyarta haruffan Ibrananci da Larabci da bokon da kuke rubutu da shi yanzu suka fito. Kuma hauren giwa kayan masu hali ne, daga waje ake kawo shi. Attajirin ma yana susa.

To, batun jabu. A 2020 wani gidan tarihi na Littafi Mai Tsarki a Washington ya amince cewa gutsattsarin fatu 16 da ya saya a matsayin naɗaɗɗun littattafan Tekun Gishiri, wato tsofaffin rubuce-rubucen Yahudawa da aka gano a kogwannin da ke kusa da wannan teku, duk ƙirar zamani ne. Tsohuwar fata aka samu aka yi rubutu a kai. Shi ya sa abin da aka tono a gaban shaidu, aka san zurfinsa da abin da ke kewaye da shi, ya fi wanda aka saya a hannun dillali daraja nesa ba kusa ba. Misalin na ƙwarai shi ne wanda aka sanar a Maris 2021, inda ma'aikata suka sauka da igiya wajen mita 80 daga bakin dutse zuwa wani kogo a kwarin Nahal Heber kusa da Tekun Gishiri, suka fito da gutsattsarin littattafan Zakariya da Nahum da Girkanci, amma sunan Ubangiji kaɗai an bar shi da tsohon harafin Ibrananci.

Ko hukuma ma takan zame. A farkon Maris 2023 Hukumar Kayan Tarihi ta Isra'ila ta sanar da wani tsingaro da mai yawon buɗe ido ya tsinta a Lakish ɗin nan, ɗauke da sunan Dariyus sarkin Farisa. An kai shi ɗakin gwaji, an ce sahihi ne. Bayan kwana biyu sai wata malamar tsoffin rubuce-rubuce ta kira su. Ta ce ita ce ta karce shi da hannunta a bazarar da ta wuce, tana nuna wa ɗalibai yadda ake rubutu a da, ta bar shi a wurin ta tafi. Tsingaron tsoho ne da gaske. Rubutun kuwa bai cika shekara ba.