Dutsen da ya farfashe mutum-mutumin Nebukadnezzar

Ku dubi wannan gada. Gadar Ngeli ke nan a kan kogin Logon, Kuseri ta Kamaru a wannan ƙetare, Njamena ta Chadi a wancan. Masu babura da 'yan kasuwa na ta kai da kawowa a kanta, amma ba kowa ke tuna abin da ya faru nan kusa ranar 22 ga Afrilu, 1900 ba. A ranar ce aka kashe Rabeh, wanda ya ci Borno da yaƙi a 1893 ya zauna a Dikwa. Lami, kwamandan Faransa da ya gwabza da shi, shi ma bai tsira daga wannan yaƙi ba. Faransawa suka raɗa wa garin da suka kafa a ƙetare sunansa, Fort-Lamy. A 1973 aka sauya sunan zuwa Njamena. Wanda ya ci da wanda aka ci, duk sun kau.

'Yan'uwa, Littafi Mai Tsarki ya daɗe da magana a kan irin wannan. Mu buɗe Daniyel sura 2.

Nebukadnezzar sarkin Babila ya yi mafarkin da ya hana shi barci. Ya tara bokaye da masu duba, ya gindaya musu sharaɗi mai wuya: su faɗi mafarkin tukuna, sannan fassararsa, in ba haka ba a yi gunduwa-gunduwa da su. Suka ce ba mahalukin da zai iya. Sai Daniyel, saurayi Bayahude da aka kwaso daga Urushalima, ya roƙi a ba shi lokaci, shi da abokansa uku suka duƙufa ga addu'a. Da dare Allah ya buɗe masa asirin.

Ga abin da sarki ya gani. Wani ƙaton mutum-mutumi mai ban tsoro: kai na zinariya, ƙirji da hannuwa na azurfa, ciki da cinyoyi na tagulla, ƙafafu na baƙin ƙarfe, tafin ƙafa kuwa ƙarfe ne gauraye da yumɓu. Tambayi kowace mai ginin tukwane, za ta gaya maka ƙarfe ba ya kama yumɓu. Duk wannan nauyi a kan abin da bai haɗu ba yake tsaye.

Daniyel ya ce wa sarki kai tsaye, kai ne kan zinariyar, bayanka wasu mulkoki za su taso. Yawancin malaman Kirista tun zamanin dā sun ce azurfa ita ce Mediya da Farisa, tagulla Girka, ƙarfe kuma Roma. Sairus na Farisa ya ci Babila a shekara ta 539 kafin haihuwar Almasihu. Iskandari na Makidoniya ya karya Farisa a 331, ya mutu a 323 yana da shekara 32, kuma a ina? A cikin Babila. Akwai masanan da ke ƙirga Mediya daban, Farisa daban, su ƙare a kan Girka. Wannan muhawara tsohuwa ce, ba kuwa ta taɓa ƙarshen mafarkin ba.

Ƙarshen shi ne dutse. Wani dutse da ba hannun mutum ya saro shi ba ya bugi tafin ƙafar, sai komai ya ruguje lokaci guda, har zinariyar. Duk wanda ya taɓa tsayawa a masussuka bayan girbin masakuwa a karkarar Marwa ya san hoton da Daniyel ya kawo: mata na sheƙa, iska na kwashe ƙaiƙayi, ko alamarsa ba ka gani. Dutsen kuwa ya girma, ya zama babban tsauni, ya cika duniya. Aya ta 44 ta fassara shi: Allah na Sama zai kafa mulkin da ba za a taɓa rushewa ba, ba kuma za a bar wa wata al'umma shi ba.

A nan ne nake so mu lura. Dutsen ba ƙarfe na biyar ba ne da aka ɗora a jikin mutum-mutumin. Ba daga cikinsa ya fito ba. Saboda haka koyarwar Kirista ba ta cewa wata ƙasa, ko wata ƙabila, ko ma wata ɗarika ce za ta gaji Roma. Mala'ika Jibra'ilu ya gaya wa Maryamu cewa mulkin ɗan da za ta haifa ba shi da iyaka. Shi kuma Yesu, yana tsaye a gaban Bilatus, wakilin Roma, ya ce mulkinsa ba na wannan duniya ba ne. Ya kwatanta shi da ƙwayar mastad, ƙanƙanuwa, mai girma a hankali. A fahimtar Kirista mulkin ya soma da zuwan Almasihu, cikarsa sai ya dawo.

Bari in ɗan ratse. Akwai masu wa'azin da ke ɗaukar yatsun ƙafar nan su rarraba wa ƙasashen yau, har su sa ranar ƙarshen duniya. An sha yin haka, ranakun suka zo suka wuce. Yesu da kansa ya ce ba wanda ya san ranar ko sa'ar sai Uba.

Mu nan arewacin Kamaru ba sai an yi mana dogon bayani ba. Jamusawa sun kama Garwa a 1901, a 1915 aka fatattake su, waɗanda suka maƙale a dutsen Mora suka miƙa wuya a 1916. Faransawa suka zauna har 1960. Kowanne ya zo kamar ba zai tafi ba.

To, me Daniyel ya yi da ya san Babila za ta faɗi? Bai ajiye aiki ba, bai kuma ɗauki takobi ba. Ya riƙe muƙami a fada da amana, amma daga baya, a zamanin sarki Dariyus, da aka kafa doka kada a yi addu'a ga kowa sai sarki har kwana 30, ya buɗe tagoginsa wajen Urushalima, ya durƙusa sau uku a rana kamar yadda ya saba, aka jefa shi ramin zakoki. Ayar ƙarshe ta sura 1 ta ce yana nan har shekarar fari ta sarautar Sairus. Yaron da aka kawo Babila a kame ya tsufa, ya ga ranar da aka ci ta.