Me Ya Sa Sawun Ƙafa Ba Ya Gogewa a Duniyar Wata?

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai da sauran jama'a, barkanmu da warhaka.

Ranar 20 ga Yuli, 1969, 'yan sama jannatin Amurka Neil Armstrong da Buzz Aldrin suka sauka a duniyar wata, a tafiyar da ake kira Apollo 11. Aldrin ya danna takalminsa a ƙasa, ya ɗauki hoton sawun, layukan tafin takalmin suka fito raɗau. Daga ranar zuwa Disambar 1972, mutum 12 ne suka taka can. A 2011 wani kumbon NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, mai kewaya watan, ana ce masa LRO, ya yi ƙasa-ƙasa ya ɗauko hotunan wuraren da Apollo 12 da 14 da 17 suka sauka. Sai ga hanyoyin da 'yan sama jannatin suka bi suna nan, har da sawun tayoyin motar da 'yan Apollo 17 suka tuƙa. Kusan shekara 40, babu abin da ya share su.

To, a nan duniya me ke share sawu? Iska da ruwa da masu rai. A wata kuwa ko ɗaya babu. Ƙarfin da wata ke jan abu da shi kashi ɗaya ne cikin shida na duniyarmu, bai kai ya riƙe iska ba. In babu iska, babu guguwa, babu hadari, ruwa ma ba ya iya kwanciya. Shi ya sa aka saka wa tutar Amurka sanda ta sama, in ba haka ba da lanƙwashewa za ta yi.

Wannan kowa ya sani. Inda nake so ku ba ni hankalinku shi ne ƙasar kanta. Akwai masu tambaya, kuma tambayar tana da kan gado: busasshen yashi ai ba ya riƙe sawu, kana ɗaga ƙafa yake zubewa, to yaya ƙasar da ba ɗigon ruwa ta riƙe layukan takalmi? Amsar tana cikin siffar ƙwayoyin. Yashinmu ruwa da iska sun daɗe suna mirgina shi, sun goge masa kaifi, don haka yake sulɓewa. Ƙurar wata kuwa duwatsun da ke faɗowa daga sararin samaniya ne suka farfasa ta, kuma ba abin da ya goge ta. Kamar dakakkiyar kwalba take, kowace ƙwaya da tsini da ƙugiya, wasu ma narkakken dutse ne da ya daskare ya zama gilashi. In ka danne su sai su sarƙe juna su tsaya cak. Ƙurar nan ta wahalar da 'yan sama jannatin sosai: ta manne wa rigunansu, ta kankare kayan aikinsu, Harrison Schmitt na Apollo 17 har atishawa ta sa shi. Da suka koma cikin kumbo suka cire hular kwano, sun ce warin albarushi take yi.

Amma kada wani ya fita daga zauren nan yana cewa sawun zai dawwama. Rashin iskar nan shi ya bar watan a buɗe. Burbushin dutsen da zai ƙone a samanmu, can kai tsaye yake dira, da gudun kilomita da yawa a daƙiƙa ɗaya, ya tone ɗan rami, ya watsa ƙura gefe. Wani bincike na 2016 ya kwatanta tsofaffi da sababbin hotunan LRO, ya gano sababbin ramuka sama da 200, ya kuma ƙiyasta cewa santimita biyu na saman ƙasar kan jujjuye cikin kimanin shekara 81,000. A hankali haka sawun zai dushe.

Abin da ya fi damuna shi ne mu. Lokacin da Apollo 11 ya tashi, Aldrin ya ga hucin injin ya kayar da tutar. Kumbo ɗaya da zai sauka kusa da wurin zai iya share sawun cikin daƙiƙoƙi. A ƙarshen 2020 Amurka ta yi dokar kare wuraren, sai dai masu aiki da NASA ta shafa, alhali ƙasashe da kamfanoni da dama na shirin zuwa. A ganina ana bukatar yarjejeniyar da kowa zai sa wa hannu tun kafin a fara cunkoso.

Mai tambaya ya ɗaga hannu, bismillah.