Ina Hankali Yake Zuwa Bayan Kabbarar Harama?

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, 'yan uwa masu kallo da sauraro.

Za mu fara da wani abu da kusan kowane mai salla ya taɓa ji a jikinsa. Wani ɗan kasuwa ya rufe rumfarsa a Tsohuwar Kasuwa ta Sakkwato da azahar, cikin zafin watan Afrilu, ya yi alwala, ya shiga sahu, ya yi kabbarar harama a bayan liman. Bai kai tsakiyar Fatiha ba, sai zuciyarsa ta koma kan buhunan albasar da aka kawo masa daga Goronyo, waɗanda har yanzu bai cika kuɗinsu ba. Daga nan ta wuce kan ɗan kabu-kabun da ya gaya masa baƙar magana da safe, ta tsara amsar da ya kamata ya mayar masa, sannan ta zarce zuwa kuɗin makarantar yara. Leɓunansa suna motsi, ƙafafunsa suna cikin sahu, amma shi yana can. Sai kabbarar ruku'u ta ratsa masallacin, ya yi firgigit, ya ce a ransa: "Af, ashe ba na nan."

A cikin wannan ɗan lokaci abubuwa uku suka faru, kuma mutane da yawa suna cuɗa su wuri ɗaya, su kira su duka rashin natsuwa. Akwai tunanin da ya faɗo masa ba tare da ya kira shi ba, akwai hankalinsa da ya bi tunanin ya bar salla, akwai kuma fargar da ta zo daga baya ta gane cewa hankalin ya tafi. Wanda bai rarrabe waɗannan ukun ba yakan ƙare da yaƙin abin da ba a umarce shi ya yaƙa ba, ya bar wanda yake hannunsa.

Tunani zuwa yake yi, kamar yadda ƙura take shiga ɗaki a lokacin hunturu ko da an rufe taga. A shekarar 2010 wasu masu bincike biyu na Jami'ar Harvard ta Amurka, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert, sun wallafa sakamakon wani nazari da suka yi a kan mutum 2,250. Wayar hannu suka yi amfani da ita, tana tambayar mutum a lokutan da bai zata ba: me kake yi yanzu, kuma tunaninka yana kan abin da kake yi ko yana wani wuri? A kusan kashi 47 cikin 100 na amsoshin, tunanin mutanen ya bar abin da suke yi. Ke nan wajen rabin lokacin farkawar ɗan Adam yana tafiya a irin wannan yawo, kuma babu dalilin da zai sa wannan ɗabi'a ta tsaya a bakin ƙofar masallaci don an cire takalmi.

Addini bai ɓoye wannan ba. A hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana cewa Shaiɗan yana zuwa ya gitta tsakanin mutum da zuciyarsa a cikin salla, yana ce masa tuna kaza, tuna kaza, abubuwan da dā bai tuna ba, har mutum ya rasa sanin raka'a nawa ya yi. A wani hadisin kuma ya ce Allah Ya yafe wa wannan al'umma abin da zukatansu suka saƙa, matuƙar ba su furta ba ko ba su aikata ba. Littafin Ahalari, wanda yara suke farawa da shi a zaurukan karatu na Sakkwato, wanda Shehu Abdurrahman al-Akhdari, malamin Aljeriya na ƙarni na 16, ya rubuta, ya yanke hukuncin a taƙaice: wanda tunaninsa ya yi yawo a al'amuran duniya, ladarsa ta ragu, amma sallarsa ba ta ɓaci ba.

Yanzu sai hankali, kuma a nan ina so mu saurari harshenmu da kyau, domin Hausa ta riga ta faɗi rabin bayanin. Muna cewa hankalina ya tafi, abu ya ɗauke mini hankali, hankalinsa ya rabu biyu, ka tara hankalinka wuri ɗaya. Muna kuma cewa mayar da hankali, kuma ba a mayar da abu sai wanda ya bar wurinsa. Bahaushe ya ɗauki hankali kamar dabbar kiwo, wadda takan ratse ta shiga gonar mutane, makiyayi ya bi ta ya koro ta, an jima ta sake ratsewa. Ba a auna makiyayi da cewa dabbarsa ba ta taɓa ratsewa ba. Ana auna shi da saurin lurarsa da kuma yadda ba ya gajiya da korowa. A ganina, wanda ya riƙe wannan ya riƙe mafi yawan abin da ake nema a babin halartar zuciya.

Imam Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya bi diddigin hanyar da tunani yake bi har ya zama aiki, a cikin Ihya'u Ulumiddin. Ya ce da farko abu yakan faɗo a zuciya, sai rai ya karkata gare shi, sai zuciya ta yanke cewa ya kamata a yi, sai a ƙulla aniya. Matakai biyu na farko ba a kama bawa da su, domin ba da zaɓinsa suke zuwa ba. Mu koma rumfar ɗan kasuwarmu mu gani kusa. Wata mata ta biya shi kuɗin albasa, yana ƙirgawa sai ya ga takardun naira dubu guda biyu sun manne da juna, ita kuwa ta juya tana ɗaura kayanta. Abin da ya fara faɗo masa shi ne, ba ta lura ba. Sai ya ji wani ɗan daɗi ya taso. Sai zuciyar ta kawo hujja, cewa ai ita ma ta daɗe tana taya kayan ƙasa da farashinsu. Sai hannu ya nufi aljihu. Dukkan wannan bai wuce tsawon numfashi uku ba, kuma wurin da farga ta riske shi a kan wannan hanya shi ne zai nuna wahalar da zai sha. Idan ya farga a mataki na farko, kiran matar kawai zai yi. Idan sai a na uku ya farga, to sai ya yi kokawa da hujjar da shi da kansa ya gina. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Aya ta 201 ta Suratul A'araf ta siffanta masu taƙawa da cewa idan wani abu mai kewayowa daga Shaiɗan ya shafe su, sai su tuna, sai ga su suna gani. A lura da kyau, ayar ta tabbatar da cewa shafar tana samun su. Abin da aka yabe su da shi shi ne tunawar da ta biyo baya. Saboda haka wannan "af, ashe ba na nan" da mai salla yake ji, wanda yawancinmu muke ɗauka a matsayin shaidar gazawa har mu shiga zargin kai, shi ne lokacin da ya fi kowane lokaci farkawa a cikin raka'ar. Abin takaici, da yawa sukan ɓata shi wajen jin haushin kansu, jin haushin kuma wani sabon tunani ne da zai sake tafiya da hankalin har zuwa sujada.

Wani zai ce, me zai hana in toshe tunanin gaba ɗaya? An gwada wannan. A shekarar 1987 masanin halayyar ɗan Adam Daniel Wegner da abokan aikinsa sun umarci wasu ɗalibai kada su tuna da farar beyar, wata babbar dabba ta ƙasashen ƙanƙara, na tsawon minti biyar, su buga ƙararrawa duk lokacin da ta faɗo musu. Sun yi ta bugawa, kuma da aka sake su daga baya, tunanin ya dawo musu fiye da na waɗanda ba a hana ba tun farko. Dalilin shi ne, kafin ka tabbatar ba ka tuna abu ba, sai ka leƙa ka duba, leƙawar kuwa ita ce tunawar. Malaman tarbiyya sun bi wata hanya dabam, wato ba wa hankali abin riƙo. Mai salla ya bi ma'anar abin da yake karantawa kalma bayan kalma, mai zikiri ya saurari abin da harshensa yake faɗa. Sun kuma ce a rage abin da yake kiran hankalin tun daga waje. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla da wani mayafi mai zane, da ya idar sai ya ce a mayar wa sahabinsa Abu Jahmin da shi a kawo masa marar zane, domin zanen ya shagaltar da shi. Ya kuma hana salla alhali abinci yana gaba, ko mutum yana matse da fitsari ko bayan gida. Idan zanen mayafi ya kai a sauya shi, to wayar da take rawa a aljihun riga a tsakiyar tahiya ba ta buƙatar dogon bayani.

Gazali ya buga misali da mutumin da ya zauna ƙarƙashin bishiya yana son ya yi tunani, tsuntsaye suna damun sa, ya ɗaga sanda ya kore su, su dawo, ya sake kora, har aka ce masa idan yana son hutu sai ya sare bishiyar. Bishiyar ita ce abin da zuciya ta ɗamfaru da shi a wajen salla. Shi ya sa tunanin da yake yawan zuwa wa mutum a kan darduma yake da amfani ta wata fuska, domin yana nuna masa inda damuwarsa da kwaɗayinsa suke kwance. Wanda bashi ne kullum yake zuwa masa, ko gabar da ke tsakaninsa da ɗan uwansa, ya sami labarin abin da ya kamata ya gyara bayan sallama.

Wannan ne ya kawo mu ga murakaba, wato sa ido a kan zuciya, da muhasaba, wato yi wa kai lissafi. Gazali ya kwatanta su da mu'amalar ɗan kasuwa da abokin cinikinsa, abin da duk ubangidan da yake da yaron shago ya sani: da safe a gindaya sharaɗi, da rana a sa ido, da dare a zauna a yi lissafi. Sai dai akwai rami a wannan hanya, kuma ina so in tsaya a kansa saboda na ga yadda yake wahalar da mutanen kirki. Sa ido a kan kai yana iya rikiɗewa ya zama waswasi, mutum ya yi ta maimaita alwala har buta ta ƙare, ya yi ta warware kabbara yana sake niyya har liman ya yi ruku'u. Ahalari ya ce mai waswasi ya watsar da shi daga zuciyarsa, kada ya sake kawo abin da ya yi shakka a kansa, sai dai ya yi sujadar ba'adi. Idan kuwa abin ya kai ga cinye wa mutum sa'o'i kullum, yana hana shi barci da sana'a, to akwai ciwon da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani mai irin wannan kama, yana kuma da magani, ga asibitin Kware nan kusa da mu. Zuwa wurinsu ba raunin imani ba ne.

Abin da yake tsare murakaba daga wannan rami shi ne alƙiblarta. A hadisin Mala'ika Jibrilu an bayyana ihsani da cewa ka bauta wa Allah kamar kana ganin Sa, idan ba ka ganin Sa, to Shi Yana ganin ka. Mai murakaba yana lura da zuciyarsa ne saboda ya san ana ganin ta, kuma Mai ganin nata Mai rahama ne. Aya ta 19 ta Suratul Hashri ta ɗaure abubuwan biyu tamau, inda ta yi gargaɗi da kada a zama kamar waɗanda suka manta da Allah, sai Ya mantar da su kawunansu. Haka kuma wanda yake jan tasbaha, yatsunsa suna ƙirga zuciyarsa tana kasuwa, Ibnu Aɗa'illahi, malamin Masar da ya rasu a 1309, ya ba shi shawarar kada ya bar zikiri don rashin halartar zuciya, domin gafala daga zikirin gaba ɗaya ta fi gafala a cikinsa muni, kuma ana sa ran a ɗaga shi daga zikiri mai gafala zuwa zikiri mai farkawa.

A nan Sakkwato muna da misali daga wanda yake kwance a Hubbare. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba da labari a cikin Infaƙul Maisuri cewa yakan ga mahaifinsa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, idan zai fita wa'azi sai ya ɗan tsaya a wani gefe na gida, ya faɗi wasu kalmomi, sannan ya fita wurin jama'a. Bello ya tambaye shi, sai Shehu ya ce yana sabunta niyyarsa ne, yana yi wa Allah alkawarin ikhlasi a kan abin da zai fita dominsa, yana kuma roƙon Sa Ya fahimtar da mahalarta abin da zai faɗa. Sannan ya ƙara da cewa duk da haka, idan ya zauna a majalisin yakan sake sabunta niyyar, ya tuna da alkawarin. Tsakanin wannan gefe na gida da wurin zaman jama'a taku kaɗan ne, kuma mai maganar mutum ne da ya fara wa'azi tun yana ɗan shekara ashirin, amma bai amince cewa niyyar da ya ƙulla a cikin gida za ta iso majalisi yadda ya ƙulla ta ba, sai ya sake dubawa bayan ya zauna.