Banɗakin Ofis: Mai Ɓatawa da Mai Yaɗawa

(An rubuto wannan daga faifan laccar da wani tsohon jami'in duba-gari ya yi wa ma'aikata a wani taron ƙara wa juna sani. An rage gaishe-gaishe da maimaici.)

Assalamu alaikum warahmatullah. Ranka ya daɗe shugaban taro, yayyena da ƙannena ma'aikata, barkanmu da warhaka.

Da aka ce in zo in yi magana a kan banɗakin ofis, wani abokina cewa ya yi, "Kai kuma duk batutuwan duniya an rasa wanda za a ba ka sai masai?" Na ce masa ai ni leƙen bayan gidan mutane shi ne sana'ata, da shi na yi aure, da shi na aurar. (Dariya.)

Dattawan da ke nan sun san duba-gari na da. Ya shiga gida, ya buɗe randa, ya leƙa salga, in ya ga abin da bai gamshe shi ba sai tara ko gaban alƙali. Hukuma ce a bayansa. Ku kuwa ba ku da wannan. Mutumin da yake ɓata muku banɗaki ba ɗanka ba ne, ba ɗan hayarka ba ne. Tebur ɗinsa na kusa da naka, gobe shi zai sa hannu a takardar hutunka, jibi tare za ku je gaisuwar mutuwa. Shi ya sa ake shekara ana toshe hanci, ba wanda ya iya buɗe baki.

Akwai hadisin da kusan kowa a nan ya taɓa ji, na Ibn Abbas, yana cikin Bukhari da Muslim. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce ta wajen wasu kaburbura biyu, ya ce ana yi wa waɗanda ke ciki azaba. Ɗaya ba ya kiyaye kansa daga fitsarinsa, ɗayan kuma yana yawo da annamimanci. Ni ba malami ba ne, malamai na nan zaune, su gyara mini in na karkace. Amma duk lokacin da na shiga rigimar banɗaki a wata ma'aikata, mutanen nan biyu nake tararwa. Akwai wanda ya ɓata wuri ya fita. Akwai kuma wanda ya shiga bayansa, ya gani, ya fito yana bin ofis-ofis: "Ka san wanda ya fito yanzu? Wallahi ba a cewa komai." Muna tsine wa na farko, muna zaune daram a kujerar na biyu. Laifi tudu ne.

Ba cewa nake a yi shiru ba. Shiru ma yana kisa. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutum sama da dubu 100 a Najeriya bisa ƙidayar waɗanda ake zargin sun kamu, sama da 3,000 suka rasu, kuma jihohinmu na Arewa ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Ita da taifod da atini da shawara irin ta A duk hanya ɗaya suke bi: daga bayan gidan wani zuwa bakin wani. Kuma abin hawansu hannu ne. Mata da yawa tsoron kujerar masai suke yi, suna cewa a nan ake ɗaukar sanyi, alhali yawancin abin da ake kira da wannan suna ba daga kujera yake zuwa ba. Ku ji tsoron marikin buta, da kan famfo, da hannun ƙofa. Mutum ya yi tsarki da hagu, ya ɗauraye da ruwa zalla, ya murɗa ƙofa, ya fito ya miƙa maka fayil, an jima kun sa hannu a leda ɗaya ta gyaɗa. Ruwa zalla ya isar wa tsarki, amma bai isa ya kawar da ƙwayar cuta ba. Sai da sabulu, a cuɗa kamar sakan 20, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce.

To kafin ka ɗaura ɗamarar yi wa wani magana, je ka murɗa famfon tukuna. Akwai ruwa?

Wannan tambayar ita ce rabin aikina. Tankin masai na zamani yana zubar da lita 6 zuwa 9 a kora ɗaya. Butar roba fa? Da ƙyar ta kai lita 2. Ka ba wa mutum buta ɗaya ka tura shi masan da aka ƙera don lita 9, ka ce ya bar shi fes? Ko waliyyi ne sai ya bar shaida. Ba wuta, ba a kunna janareta ba, injin bohol bai tura ruwa sama ba, ɗan garuwa bai zo ba saboda ba a biya shi na makon jiya ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. A 2019 gwamnatin tarayya ta fitar da umarni na musamman don kawo ƙarshen bahaya a fili, a 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jihar farko da ta kai ga haka. Madalla. Amma akwai ma'aikatun da suke buga fastocin wannan gangami, banɗakinsu mai ruwa guda ɗaya ne, shi ma a kulle, makullin na aljihun masinjan oga.

Sai kuma rashin sabo, wanda muke kira ƙazanta alhali ba ita ba ce. Wanda ya tashi da masai na tsuguno, in ka kai shi na zama, sau da yawa hawa kai zai yi da takalmi ya tsuguna. Ga sawun takalmi a kan kujera, ga fantsali, wata rana ma tangaran ɗin ya fashe ya yanke shi, kuma mugun yanka ne. Ba wanda ya taɓa nuna masa, shi kuma wa zai tambaya? A ma'aikatun da muke cakuɗe da baƙi daga Kudu ko daga waje ma, abin har ya fi haka. Mai tsarki da ruwa yana ganin mai takarda bai tsarkaka ba. Mai takarda ya shigo ya tarar da ƙasa jagab, kujera a jiƙe, an yi alwala a kwamin wanke hannu an fyace majina an bar ta, shi ma ya fita yana cewa mutanen nan ƙazamai ne. Kowa na ganin ɗan'uwansa ne mai laifi. Maganin wannan ba wa'azi ba ne: a ware wurin alwala a waje, a ajiye tsintsiyar roba ta jan ruwa, a sa kwandon shara mai murfi. A ɓangaren mata musamman, in babu kwando, audugar mata masai za ta tafi, bututu ya toshe, a zo ana neman wanda za a ɗora wa.

Yanzu a ce akwai ruwa, akwai sabulu, akwai buroshi, kuma duk da haka wani yana barin wuri ba kyan gani. Ka tabbata shi ne? Wanda ka ga ya fito ba lallai shi ya ɓata ba. Wataƙila shi ma tararwa ya yi, ya juyo.

Bari in ba ku labarin abin da har yau nake jin kunyarsa. A wani ofis da na yi aiki ina matashi, akwai wani dattijo da kullum in ya fito sai a ga ɗigon fitsari a bakin masai da ƙasa. Muka sa masa suna. Ni ma, Allah ya yafe mini, ina cikin masu dariya. In ya shigo sai wani ya yi tari, wani ya buɗe taga. Ashe bawan Allah ciwon mafitsara irin na manyan maza ne ya kama shi, fitsari ba ya yanke masa, ga ido ya yi rauni, ga banɗakin ba ƙwan fitila. Ya gane da shi ake. Sai ya daina shan ruwa a ofis gaba ɗaya, a zafin bazara, don kada ya shiga. Ranar da jiri ya kwashe shi a bakin ƙofa muka san abin da ake ciki. Ƙwan fitila ɗaya da kalma ɗaya a keɓe sun isa su hana duk wannan. Mai ciwon suga, mai basir, mace mai juna biyu, mai matsalar yoyon fitsari, duk suna cikinmu, kuma ba wanda zai rubuta ciwonsa a goshi.

To yaya ake faɗa?

Ku tuna balaraben ƙauyen nan da ya yi fitsari a cikin masallacin Annabi. Sahabbai suka zabura, Annabi ya ce su ƙyale shi ya gama. Da ya gama aka kawo guga na ruwa aka kwarara a wurin. Bayan nan ne ya kira shi ya yi masa bayani cewa masallaci ba wurin fitsari ko ƙazanta ba ne. Ku dubi jerin: ba a firgita shi ba, an wanke wurin, sannan aka yi magana. Mu kuwa daga ƙarshe muke farowa, wankewar ma ba ma yi, don a bar hujja kowa ya gani.

A fara da hannunka mai sanda. A wajen taron ma'aikata a ambaci batun ba tare da suna ba, a liƙa 'yar takarda a bayan ƙofa: "Don Allah a kora ruwa, a duba kafin a fita." A yi ta da Hausa da Turanci, har da ajami in akwai masu bukata. Amma kada a rubuta irin wadda na taɓa gani, wai "Nan ba gidan ubanka ba ne." Wanda ka zaga a bango ba zai gyara ba, sai dai ya fara binciken rubutun hannun waye. Kuma sau ɗaya ko biyu ya isa. In aka maimaita jifa a kasuwa kowane mako, masu tsafta ne za su ji haushi, mai abin kuwa yana gyaɗa kai tare da kowa.

In hakan bai yi ba, sai a keɓe. Ba kowa ne zai je ba. A nemi wanda yake jin nauyinsa ko sa'ansa da suke wasa. Mace ta sami mace, namiji ya sami namiji. Yaro kada ya tunkari sa'an ubansa, ya nemi wani babba. Ba a bakin banɗaki ba, ba lokacin da ya fito yana gyara ɗamara ba. A hanyar masallaci, ko bayan an tashi. Ka ce, "Malam, akwai wata 'yar magana, gara ka ji daga bakina da ka ji a wani wuri. Masan nan ba ya korewa da buta ɗaya, ni ma sai na cika bokiti. Na lura wani lokaci in ka fito akan samu saura. Ko akwai abin da ke damunka ne?" Shi ke nan. Kada ka ce "kowa na magana". Wannan kalmar ita ce take hana mutum barci, ya dawo gobe yana kallon kowa a matsayin abokin gaba. Ka faɗi abin da kai ka gani, ka bar masa ƙofar da zai fita da mutuncinsa. In ya musa, kada ka ja. Saƙo ya riga ya shiga.

Akwai wani likita ɗan Hangari, Semelwais, da ya yi aiki a babban asibitin birnin Biyenna. A 1847 ya gano cewa likitocin da ke fitowa daga ɗakin binciken gawa su shiga ɗakin haihuwa su ne ke ɗauko ajalin masu jego a hannunsu. Ya sa dokar wanke hannu da ruwan kilorin, mace-mace suka sauko daga kusan 18 cikin 100 zuwa wajen 2. Gaskiyarsa a fili take. Amma manyan likitoci da yawa suka ƙi karɓa. Wani ɓangare saboda a lokacin ilimin ƙwayoyin cuta bai kafu ba, wani ɓangare kuma saboda ba babban da yake son a ce masa hannunsa ƙazami ne. Shi kuma daga baya ya shiga rubuta musu wasiƙu yana kiransu makasa. Ya rasu a 1865 a gidan masu taɓin hankali, ba a gama yarda da shi ba. In likitocin Turai sun kasa haɗiye wannan magana da aka haɗa ta da zagi, kada ka ɗauka akawun ofishinku zai haɗiye.

Abu ɗaya da nake roƙonku da girman Allah: kada a ɗauki hoto a tura rukunin WhatsApp na ofis. Na ga inda aka yi. Banɗakin dai bai gyaru ba, mutum biyu kuma sun shekara ba sa gaisawa.

Wanda aka yi wa magana a keɓe sau biyu bai canja ba, to an fita hakkinsa, a kai wa shugaban sashe, shi ma a keɓe. Kuma masu cewa "ai aikin kilina ne", ku ji tsoron Allah. An ɗauki baiwar Allah nan ta share ta goge ne, ba ta kwashe abin da ƙato mai digiri ya bari ba. Af, tunda na ambace su: ku gaya musu kada su haɗa Hypo da Harpic a masai ɗaya wai don ya fi fita. Haɗin yana tayar da iskar kilorin mai shaƙe numfashi, a ɗan ɗakin da ba taga kuwa tana iya kayar da mutum.

(Wata mahalarciya ta yi tambaya, muryarta ba ta fito sosai a faifan ba.)

Hajiya tana cewa, in ogan ne da kansa fa? (Dariya.) Hajiya, kin taɓo inda ke ciwo. Ranka ya daɗe, ba da kai ake ba. To, shi oga ba a yi masa nasiha daga ƙasa, sai dai a kai masa ƙara. Ku je ku biyu ko uku, ku ce, "Yallaɓai, banɗakinmu ya lalace, baƙi na shiga, abin zai zubar mana da ƙima. Muna neman ka ba da umarni a sa doka, a sayi durom da bokiti." Ku bar shi ya sa hannu a dokar da kansa. In akwai wani tsohon direba ko masinja da suka daɗe tare, wanda yake iya gaya masa abin da ku ba za ku iya ba, ku bi ta wajensa. In duk an yi bai ji ba, ku haɗa kuɗi ku gyara ɗaya banɗakin da aka kulle tun bara, ku yanka makulli, ku bar masa wannan. Akwai wata tambayar? Na ga ladan ya miƙe.