Dawakin Napoleon da Yaƙin Rasha na 1812

Bashir: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Yau muna kan Napoleon, sarkin Faransa, kuma tambayarmu ɗaya ce: yaushe tauraronsa ya fara dusashewa? Ina tare da Malama Hadiza da Malam Isa. Malama, yawancin mutane za su ce Waterloo, yaƙin ƙarshe da aka ci shi a 1815.

Hadiza: Waterloo jana'iza ce kawai, Malam Bashir. Rai ya fita tun shekara uku kafin nan, a ƙasar Rasha. Kuma ina so mu kawar da wata magana tun yanzu, cewa sanyi ne ya cinye rundunarsa. Kafin dusar ƙanƙara ta fara sauka sosai a farkon Nuwamba, yawancin mutanensa sun riga sun salwanta.

Bashir: To me ya kai shi Rasha tun farko?

Isa: Takunkumi ne. Ya hana Turai ciniki da Ingila, kuma Sarki Alexander na Rasha ya amince da hakan a sulhun Tilsit na 1807. Amma tattalin arzikin Rasha ya jigata, sai a ƙarshen 1810 Alexander ya sassauta wa jiragen kasuwanci. Ranar 24 ga Yuni 1812 Napoleon ya ƙetare kogin Niemen da mutum kusan 450,000, wasu na biye, jimillarsu ta haura 600,000. Kusan rabinsu ma ba Faransawa ba ne, akwai Jamusawa da mutanen Italiya da na Foland.

Hadiza: Abin lura shi ne lissafin guzurinsa. Kowane soja ya goya abincin kwana 4, kekunan dawaki na ɗauke da na kwana 20. Wato yaƙin mako uku ya shirya: a ritsa sojan Rasha kusa da iyaka, a murƙushe su, a zauna sulhu.

Bashir: Amma ai an ce ya tanadi rumbuna maƙil da hatsi.

Isa: Ya tanada, a Danzig da sauran garuruwan baya. Matsalar ita ce kai hatsin inda bakin yake. Doki mai aiki yana buƙatar kusan kilo 9 na hatsi da ciyawa kullum. Idan tafiya ta yi nisa, dawakin da ke jan keken su ne za su cinye abin da suka ɗauko. Shi ya sa ya jira watan Yuni, don ciyawa ta fito su yi kiwo a hanya.

Hadiza: Kiwon kuma shi ya fara kashe su. Amfanin gona bai nuna ba, aka riƙa yanko ɗanyen hatsi ana zuba wa dawakin da suka saba da busasshen abinci. Ciki ya kumbura, doki ya faɗi yana shure-shure. Sai ga ruwan sama mai sanyi a ƙarshen Yuni, hanyoyi suka zama taɓo, manyan kekuna suka kafe. Kafin a bar yankin Vilna an rasa dawaki kusan 10,000, alhali ba a yi wani babban artabu ba.

Isa: Mutanen ma haka. Bayan ruwan sai zafi da ƙura. Soja ya sha ruwan kududdufi, atuni ya kama shi. Ga kwarkwata a riga tana yaɗa zazzaɓi mai kisa. Su kuwa Rashawa, ƙarƙashin Barclay de Tolly, sai ja da baya suke yi suna ƙone rumbunansu. Kafin a kai Smolensk a tsakiyar Agusta, fiye da mutum 100,000 sun ragu daga babbar rundunar, saboda ciwo da yunwa da gudu.

Bashir: Malam Isa, na ga kamar a Smolensk ɗin kake son tsayawa.

Isa: Nan ne mararrabar a wurina. Napoleon ya ci garin ranar 18 ga Agusta, amma sojan Rasha sun sulale. Yana da zaɓi biyu: ya yi zango, ya gyara hanyar guzuri, ya ci gaba baɗi, ko ya ƙara kusan kilomita 400 zuwa Mosko. Caulaincourt, wanda ya yi masa jakada a Rasha kuma ya san ƙasar, ya sha yi masa gargaɗi. Amma mutumin da duk mulkinsa ya ginu kan nasara mai sauri, yaya zai zauna wata shida nesa da Faris ba tare da ya ci yaƙi ba? Sai ya zarce.

Hadiza: Ni ban yarda a nan ƙofa ta rufe ba, Malam. Ko bayan yaƙin Borodino, a kan hanyar Mosko, akwai mafita. Ranar 7 ga Satumba aka gwabza, waɗanda suka mutu da waɗanda suka jikkata daga ɓangarorin biyu sun kai kusan 70,000 a yini ɗaya. Kutuzov, sabon kwamandan Rasha, ya janye da sauran mutanensa. Napoleon ya shiga Mosko ranar 14 ga wata da mutum kusan 100,000, ya tarar an watse, a daren kuma wuta ta tashi, ta ci kusan kashi uku cikin huɗu na birnin. Da ya huta mako ɗaya ko biyu ya juya, da ya isa Smolensk hanya a bushe. Kwana 35 ya yi yana jiran amsa daga Alexander. Har manzo ya aika wa Kutuzov, wato Lauriston. Alexander bai ce masa uffan ba.

Bashir: Wato shirun ma makami ne.

Hadiza: Babba kuwa. Kowace rana Kutuzov na samun sababbin dakaru a sansaninsa kudu da Mosko, dawakin Faransa kuma na ramewa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, cikin makonni biyar ɗin nan ba a yi wa yawancin dawakin takalmin ƙanƙara ba. Ƙarfe ne mai ƙusoshi a ƙasa da ke riƙe kofato kan santsi, aikin da maƙeran runduna za su iya. Da ƙasa ta daskare, doki ya zame ba ya iya tashi. Doki ya faɗi, an bar igwa, an bar keken gari.

Isa: A nan kam na bi ki. Sai ki haɗa da abin da ya faru bayan sun fito ranar 19 ga Oktoba da dubban kekuna na ganima. Niyyar Napoleon ya bi ta kudu, inda yaƙi bai taɓa gonaki ba. Rashawa suka tare shi a Maloyaroslavets ranar 24. Ya ci garin, amma ya ƙi sake gwada ƙarfi, ya koma tsohuwar hanyar da rundunarsa ta riga ta kwashe tas lokacin zuwa. Waɗanda suka isa Smolensk da makami a hannu ba su kai rabin waɗanda suka baro Mosko ba.

Bashir: Kogin Berezina fa? Sunansa ya shahara.

Isa: Kogi ne da ya tare musu hanyar komawa. Nan aikin Janar Eblé ne, shugaban masu kafa gada na rundunar. Kwanaki kaɗan kafin nan Napoleon ya sa an ƙone kayan gadar tafi-da-gidanka a Orsha don a samu dawakin jan igwa. Eblé ya ɓoye kayan ƙira da gawayi. Da aka iso, ƙanƙarar kogin ta narke, ba a iya takawa. Mutanensa kusan 400 suka rushe gidajen ƙauyen Studienka don katako, suka shiga ruwa har kafaɗa, suka kafa gada biyu ranar 26 ga Nuwamba. Kaɗan ne daga cikinsu suka rayu, shi kansa Eblé bai ga sabuwar shekara ba. Ta kan gadojin nan Napoleon ya tsira, ya bar rundunar ranar 5 ga Disamba ya nufi Faris.

Bashir: Amma ya sake tara runduna cikin 'yan watanni. To ina faɗuwar?

Hadiza: Mutum ya samu, doki ne bai samu ba. Saurayi za ka ba shi bindiga ka koya masa sahu cikin makonni. Dokin yaƙi sai ya shekara huɗu ko biyar kafin a ɗora masa sirdi, sannan a horar da shi da mahayinsa. Fiye da dawaki 150,000 suka halaka a Rasha. A watan Mayu 1813 ya yi nasara a Lützen da Bautzen, amma babu mahayan da za su bi abokan gaba su tarwatsa su, sai suka janye da ƙarfinsu. Ya karɓi tsagaita wuta a watan Yuni, ɗaya daga cikin dalilansa shi ne ya samu lokacin tara dawaki. Kafin wa'adin ya ƙare Ostiriya ta yanke shawarar shiga sahun maƙiyansa. A Oktoba suka haɗu masa a Leipzig, a Afrilu 1814 ya sauka daga mulki.

Bashir: Malam Isa na kan Smolensk, Malama na kan kwana 35 na Mosko. Masu sauraro, ku aiko mana da naku ra'ayin. Mun gode Malama, mun gode Malam. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.