Fita shan iska a Denba: abin da tsayin gari ke yi wa baƙo

Assalamu alaikum jama'ar Zazzau, 'yan Samaru, Tudun Wada da cikin Birni. Yanzu ƙarfe shida da rabi na safe a jihar Kolorado ta Amurka, kuma inda nake tsaye sunansa Red Rocks, wato Jajayen Duwatsu, kimanin kilomita 24 yamma da birnin Denba. Bari in juya kyamara ku ga launin dutsen, ja wur kamar jar ƙasar gini.

Kafin mu taka, ku riƙe lissafin nan. Zariya ba ta kai mita 700 sama da teku ba. Denba tana kan mita 1,609, nan kuwa mun haura 1,900. Iskar ba ta da kauri, kowane numfashi iskar oksijin kaɗan yake kawo wa jini. Shi ya sa saurayin da ke haye dutsen Kufena da gudu ranar Asabar, in ya zo nan sai ka gan shi dafe da gwiwa yana haki. Baƙo ya ba jikinsa kwana biyu a cikin gari tukuna. In ciwon kai, jiri ko tashin zuciya suka taso a kan hanya, maganinsu sauka ƙasa, ba jarumta ba.

Wannan dandalin wasa da kuke gani tsakanin manyan duwatsu biyu, a 1941 aka buɗe shi, yana ɗaukar mutum sama da 9,000. Da safe kyauta ake shiga, ga mutane can suna hawa da sauka a matakala don motsa jini. Ranar da akwai wasa da dare kuwa da wuri ake rufewa, a duba tun daga gida. Hanyar ƙafa da ta zagaye wurin kilomita biyu ce da 'yan kai. Hawa jikin dutsen laifi ne, akwai tara.

Ga abin da ke cikin jakata. Ruwa lita biyu na mutum ɗaya. Iskar nan busasshiya ce kamar tsakiyar hunturu, gumi na bushewa kafin ka gan shi, sai ka ɗauka ba ka rasa ruwa ba. A riƙa kurɓa duk minti ashirin, kada a jira ƙishi. Ga man kaɗanya saboda leɓe da cikin hanci, don haɓo yana yawan kama sababbin zuwa. Ga malafa da man kare rana. Masu cewa baƙar fata ba ta ƙuna ba su sha ranar kan dutse ba. Sai suwaita mara nauyi, domin duk mita 1,000 da aka hau zafi na raguwa da kusan digiri shida. Takalmi kambas mai kaushin ƙasa. Silifas a bar shi a mota, tsakuwar nan tana gangarar da mutum.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne lokaci. A watannin Yuli da Agusta gari kan waye garau, amma bayan azahar hadari ya taso daga bayan duwatsu, da tsawa. Ba kamar na gida ba ne da ake hango shi daga gabas a kwashe shanya. Dutse ke ɓoye shi sai ya zo kanka. A fito da asuba, a sauko kafin sha biyu. In an ji cida, a shige mota ko gini, a jira minti talatin bayan ta ƙarshe. Gindin bishiya ba mafaka ba ce.

Akwai kuma maciji mai ƙararrawa a wutsiya, yana son shan hantsi a gefen hanya. In ka ji kacau-kacau, ja da baya a hankali. In ya sari mutum, ban da ɗaurewa, ban da tsaga, ban da tsotsa irin yadda aka saba a ƙauye. A cire zobe da agogo, a kira 911, lambar neman agajin gaggawa ta Amurka.

Masu yara da tsofaffi, wurin shaƙatawa na City Park a cikin gari ya fi muku: fili ne shimfiɗaɗɗe, ga tafki, ga gidan namun daji a gefe. Wuraren shaƙatawar birnin na buɗe daga biyar na asuba zuwa sha ɗaya na dare, kuma ba a shiga da kwalba, don haka zoɓon a jarkar roba. Shayi a dafo shi a fulas, ko da yake ruwa a nan a digiri 95 yake tafasa, wake ma sai ya ja wa uwargida rai.

Sallah kuwa, alƙibla arewa maso gabas take, ba gabas sak ba. Ku zo da 'yar buta da dadduma mai leda a ƙasa, ku duba ciyawar da kyau kafin shimfiɗawa, don garken dinya da ke kiwo bakin tafkin ba su bar taku ɗaya ba kashi.